Razdan, Di'o da En'e: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tun da na fara rubutu kan zamanin Turawa a Arewa, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa, wasu na amsa su ya fi sau goma. To ga su nan wuri guda. Wanda zai sake tambaya, don Allah ya karanta wannan tukuna.

En'e ita ce gwamnatin Turawa?

A'a. Wannan kuskuren ne ya fi damuna, shi ya sa na fara da shi. Tsani biyu ne a jingine a bango ɗaya. Na farko na gwamnati: Gwamna a sama, sai Razdan mai kula da lardi, sai Di'o mai kula da yanki a cikin lardi da mataimakinsa. Na biyu na En'e, wato hukumar gargajiya: Sarki da majalisarsa, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. En'e tana da baitulmalinta da ma'ajinta, da alƙalanta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da malaman makarantar elementare, da malaman asibiti da na daji da na gona. Albashinsu daga baitulmali yake fitowa, ba daga Kaduna ba. Saboda haka idan aka ce maka kakanka “ya yi aiki da Turawa”, ka fara tambaya: a wane tsanin?

Yaushe aka fara?

Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lokoja, Lugard ya yi shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila. Shela ce kawai a lokacin. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin Yulin wannan shekara. Haɗe Kudu da Arewa kuma 1914 ne. Kada a ƙara cakuɗa mini waɗannan shekarun.

Kaduna ce hedikwata tun farko?

A'a. Jebba, sai Zungeru, sai Kaduna a 1917.

To wa ke da iko, Sarki ko Razdan?

A takarda, Razdan “mai ba da shawara” ne. Amma shawara ce irin wadda ba a ƙin ta. Takardar naɗin Sarki daga Gwamna take, sandar girma daga hannunsa ake karɓa, kuma wanda ya naɗa yana iya tuɓewa. An kai Sarkin Kano Alu Lokoja, can ya rasu. An tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906, aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi shi ma a Lokoja ya ƙare. Duk wani sarki na wancan zamani ya san waɗannan labarai sarai.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka Sarki hoto ne kawai. Abin da ya rasa ta sama, ya same shi ta ƙasa. Kafin zuwan Turawa, manyan masu sarauta da malamai da bayin sarki suna iya taka masa birki, kuma talakan da aka matsa wa yana iya tattara komatsansa ya koma wata ƙasa. Da Bature ya tsaya a bayan Sarki da bindiga, doka kuma ta ce shi kaɗai ne En'e, sai waɗancan birkunan suka yi rauni. Wannan shi ne abin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi ya soka a majalisar Kaduna a Agustan 1950, ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Bayan haka aka sauya doka, iko ya koma hannun Sarki tare da majalisarsa.

Turawa kaɗan ne, ta yaya suka riƙe ƙasa mai faɗi haka?

Na riga na amsa: da En'e. Di'o ɗaya yana iya kula da yanki mai mutane dubu ɗaruruwa, ba shi da kowa sai akawu, da masinja, da tafinta, da 'yan sanda kaɗan. Aikinsa rangadi: ya hau doki, 'yan dako suna gaba da akwatuna da gadon tafiya, ya sauka a bariki a wajen gari, ya duba littafin haraji, ya duba littafin alƙali, ya ƙirga fursunoni, ya saurari ƙara. Yawanci da wakilin Sarki a gefensa. Ka tsaya ka yi tunanin talakan da zai kai ƙarar hakimi alhali wakilin Sarki yana zaune yana kallonsa, kuma gobe Bature zai ɗaure kayansa ya wuce.

An wajabta wa jami'an su ci jarrabawar harshe, Hausa ce kan gaba. Mutane kuma suka riƙa laƙaba musu sunaye: Hanns Vischer shi ne Ɗan Hausa, Sharwood-Smith wanda ya zama Gwamnan Arewa shi ne Mai Wandon Ƙarfe.

Ina kuɗin haraji yake zuwa?

Mai unguwa ya tara, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Fulani makiyaya kuma jangali, a kan kowace saniya. A manyan masarautu da farko rabawa ake yi biyu, rabi na gwamnati, rabi na En'e. Daga baya kason manyan En'e ya ƙaru. Daga nan ake biyan Sarki da hakimai albashi, abin da ba a saba ba a da. Su hakiman ma Turawa ne suka fitar da su daga birni, suka yanka wa kowa gunduma ɗaya a haɗe, suka ce ya je ya zauna a can. A ƙasar Kano har da malaman taki, waɗanda ke auna gona da taku don a yanka mata haraji. Haraji da jangali sun daɗe bayan tafiyar Turawa. Sai a 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke su.

Kakana ya yi aiki a zamanin Turawa. Ta yaya zan samo takardunsa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma ita ce ake yi mini da zuciya ɗaya. Zan faɗa maka tun yanzu: mai yiwuwa ka samu, mai yiwuwa ka ƙare da layi ɗaya tak a cikin wani rahoto, mai yiwuwa kuma ka dawo hannu rabbana. Duk ya danganta da irin aikin da ya yi.

Kafin ka taka ko'ina, zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, don su suka fi riƙe irin wannan. Ka tambayi garin da ya yi aiki, da sunan hakimin lokacin, da sarkin da ke kan gado, da abin da ya faru a shekarar: yunwa, fara, tafiyar sojoji Bama. Tsohuwa ba za ta ce maka 1943 ba, amma za ta ce “shekarar da aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza”, kai kuma sai ka lissafa. Ka buɗe tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe idan akwai. Na taɓa ganin rasit na haraji da takardar shaidar aiki a naɗe cikin gafakar wani tsoho, takardar ta yi ja, ninkinta ya kusa rabewa, amma sunan gunduma da lambar fayil suna nan raɗau. Wannan lambar ta fi labarin baka goma amfani.

Idan ma'aikacin gwamnati ne, akawu a sakatariya ko ofishin Razdan, ko ma'aikacin jirgin ƙasa ko gidan waya, damarka ta fi yawa, domin gwamnati tana buga jerin sunayen ma'aikata da sanarwar naɗi a gazet, ko da yake ƙananan ma'aikata ba kullum suke shiga ba. Idan na En'e ne, abin ya fi wuya. Hakimi ko alƙali ko ma'aji za ka iya cin karo da sunansa a rahoton shekara na lardi, ko littafin tarihin gunduma da Di'o-Di'o ke rubutawa, ko rahoton tantance haraji. Amma malamin haraji ko ɗan doka ko dogari, sau da yawa muƙaminsa da albashinsa kawai za ka gani a kasafin kuɗin En'e, babu suna. Wani lokaci kuma, kuma ka shirya wa wannan, sunan ƙaramin ma'aikaci ba ya shiga fayil sai idan an tuhume shi da wani abu. Idan ka ga haka, kada ka yanke wa kakanka hukunci da takarda ɗaya. Wanda ya rubuta ta ta bakin tafinta ya ji maganar, kuma ba a rasa mai son ganin bayan wani a fada.

Wurin da za ka fara shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Fayilolin sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin SNP, na larduna kuma an jera su da sunan lardi, kamar KanoProf da SokProf da ZarProf. Sai ka san lardin da garinku yake a lokacin, ba jihar yanzu ba. Katsina, alal misali, ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Gidan Arewa a Kaduna shi ma yana da tarin takardu, haka wasu fadoji da hukumomin tarihi na jihohi. Ka nemi suna ta kowace fuska, domin Bature yana rubuta shi yadda kunnensa ya ji: Mamman, Momman, Mohamadu, duk mutum ɗaya. Galibi ma da sarauta ake ambaton mutum, ba da sunan yanka ba. Kuma wata takardar ajami ce ko Larabci, sai ka tafi da mai iya karantawa.

Ka ware kwanaki, ba wuni ɗaya ba. Na taɓa yin kwana uku ina jiran fayil a wani ofishi, da aka kawo shi rabinsa gara ta cinye, shafin da nake nema yana cikin abin da ta ci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma a fayil na gaba, wanda ban ma yi niyyar buɗewa ba, na tarar da kwafin wasiƙar. Turawa suna yawan yin kwafi, ɗaya a lardi, ɗaya a sakatariya. Idan ɗaya ta ɓata, nemi 'yar'uwarta.

Me ya sa akawuna 'yan Kudu ne?

Saboda su ke da boko. Mishan ta daɗe da buɗe makarantu a Kudu da Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Saliyo, a masarautun Musulmi kuwa an taƙaita ta, gwamnati kuma ba ta yi saurin cike gurbin ba. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano 1909 ce, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920, ita ma ɗalibai kaɗan take ɗauka, yawanci don koyarwa da aikin En'e. Laifin tsarin ne. Ku daina zagin akawun da ya baro garinsu ya zo neman abinci a Sabon Gari.

Akwai ɗan Arewa da ya zama Di'o?

Akwai, amma a makare, sai a shekarun 1950. Lokacin ne gwamnatin Sardauna ta dage kan cusa 'yan Arewa a aikin gwamnati, aka riƙa horar da su a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya. Shi kansa Sardauna ta tsanin En'e ya hau: hakimin Rabah ne tun 1934. Arewa ta karɓi mulkin kanta a Maris 1959.

A Nijar ma haka aka yi?

A'a. Faransa ta fi son kumandan, wato jami'inta mai kula da yanki, ya riƙe komai da hannunsa, sarakuna su zama masu isar da umarni da tara haraji. A 1906 ta tuɓe Sarkin Damagaram.

Yaushe En'e ta mutu?

A hankali. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka fara karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannunta, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Idan takardun kakanka na bayan wannan lokaci ne, to sakatariyar ƙaramar hukuma ko ta jiha za ka nufa, ba Kaduna ba.