Durƙushewar gidajen wasan gem

Gidan wasan gem shago ne da ake jera manyan akwatuna masu allo, mutum ya jefa kwandala ya yi ta bugawa har a cinye shi. Harkar ta kankama a Amurka a 1972 da na'urar Pong ta kamfanin Atari, ta kuma yi tashe bayan Space Invaders ta fito daga Japan a 1978, Pac-Man ta biyo baya a 1980. Kuɗin wasa ɗaya a Amurka santi 25 ne, a Japan kuwa yen 100.

Jarin waɗannan shaguna ɗaya ne tak: abin da ke cikinsu babu irinsa a gida. Pac-Man ɗin da aka sayar wa masu na'urar gida ta Atari 2600 a 1982 ko kusa bai kama ƙafar na shago ba. Sannu a hankali tazarar ta riƙa raguwa. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gida ta Famicom a Japan a 1983, ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985. Wasan faɗa na Street Fighter II ya farfaɗo da shagunan a 1991, matasa suna layi don su gwabza da juna, amma shekara guda kawai aka yi ya shiga na'urar gida ta Super Nintendo. Da na'urar gida ta PlayStation ta zo a Disambar 1994 sai zance ya ƙare, domin akwatin wasan Tekken na shago ma da kayan cikin PlayStation aka ƙera shi. To, wa zai riƙa zuba kwandala a kan abin da ya riga ya saya? Saura abokin karawa, shi ma intanet ta kawo shi har ɗaki, musamman bayan buɗe Xbox Live, dandalin karawa ta intanet, a 2002. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, don a shago ne baƙo da baƙo ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, 'yan kallo a bayansu suna shewa.

Japan ta fi kowa jurewa, amma ita ma abin ya ci ta. A 1986 akwai irin waɗannan shaguna sama da 26,000 a ƙasar; zuwa 2019 saura kimanin 4,000. Kwandalar kanta ta zame musu ƙarfen ƙafa. Harajin saye da sayarwa ya tashi daga kashi 3 cikin ɗari a 1989 zuwa kashi 10 a 2019, alhali ramin akwati yen 100 ya saba karɓa, mai shago ne ke cike giɓin daga aljihunsa. Annobar korona ta zo ta ƙarasa da dama. Kamfanin Sega ya sayar wa kamfanin Genda mafi yawan hannun jarin shagunansa a 2020, ya sallama ragowar a Janairun 2022, aka sauya musu suna zuwa GiGO. Yawancin waɗanda suka rage yanzu da na'urorin cafko 'yar tsana suke samun na cefane.