Mece ce ma'anar "siririn layin dogo"?

Idan ma'aikacin reluwe ya ce layi siriri ne, ba girman jirgin yake nufi ba. Ratar da ke tsakanin ƙarafuna biyun da ƙafafun jirgi ke bi ita ake aunawa. Ma'aunin da akasarin duniya ke bi milimita 1,435 ne, duk layin da bai kai haka ba siriri ne.

Mu nan Kaduna duka biyun muna da su. Jirgin Abuja da ke tashi daga Rigasa tun 2016 a kan cikakken ma'auni yake tafiya, tsohon layin da ya ratsa gari ya nufi Zariya da Kano kuwa milimita 1,067 ne. An ma taɓa yin wanda ya fi shi sirantaka, mai milimita 762, daga Zariya zuwa Jos saboda jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Ana shimfiɗa irinsa ne don ya fi arha, kuma yana iya shan kwana mai kaifi a gefen dutse.

Wannan shan kwanar ce ta sa masu gina ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a lambun gida suka fi kwaikwayon siririn layi. Tsakar gida ba ta da filin doguwar kwana, dole layi ya zagaya gindin mangwaro ya kauce wa rijiya. Kuma tunda jirgin asalin jikinsa ya fi layinsa faɗi sosai, kwaikwayonsa ma yakan fito da kauri, ya cika hannu, ba ya ɓacewa cikin ciyawa. Kamfanin LGB na Jamus ya fito da irin wannan a 1968: layi mai milimita 45, jirgi kuma an ƙanƙantar da shi sau 22.5. A Ingila wasu sun fi son milimita 32, har da injin da ke tafasa ruwa da gas yana tafiya da tururi na gaske.

A ganina, wanda zai gwada a Kaduna ya fara da ƙasa kafin ya sayi jirgi. Ruwan Agusta zai kwashe duk layin da aka ɗora a kan jar ƙasa kai tsaye, don haka a ɗaga shi bisa bulo, a zuba tsakuwa ruwa ya riƙa tsiyayewa. Katako kuwa abincin gara ne. A bar 'yar rata a mahaɗar ƙarafuna, domin zafin Maris kan miƙar da su har su lanƙwashe. Sannan ƙurar hunturu kan kwanta a kan layi ta tsinke wutar lantarkin da ke bi ta ƙarafunan zuwa injin, jirgi ya yi ta cijewa. Injin mai batir a cikinsa ya fi dacewa da mu, ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta.