Bututun kabon da ciwon daji: ina aka kwana?

Makon jiya wata baiwar Allah da muke yi wa ƙarin ruwan maganin sankarar mama ta miƙo mini wayarta. "Sista, wai da gaske an samo maganin daji daga gawayi?" Ɗanta ne ya turo mata saƙon, har ta fara tunanin dakatar da zagaye biyun da suka rage mata. Gabana ya faɗi.

Labarin yana da tushe, sai dai an yi masa ƙari. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu siraran bututu da masana ke kira maikurotubul. Kaurin ɗaya kamar nanomita 25 ne, sai an jera wajen dubu uku kafin su kai kaurin silin gashi. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, su ne igiyoyin da ke jan kayan gadon halitta da ke cikinta, rabi nan rabi can. Dole su riƙa tsawo suna gajarta, in suka ƙage rabuwa ta tsaya. Ciwon daji kuwa ba shi da aiki sai rabuwa ba ƙaƙƙautawa.

A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wasu bututu na zallar kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir, amma an tsara shi tamkar tabarmar da aka naɗe. Sun yi kama da maikurotubul a siffa da sirantaka. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kantabiriya ta Sifaniya suka nuna cewa idan bututun nan suka shiga ƙwayar daji, sai su cakuɗe da nata igiyoyin, su hana su motsi. Rabuwa ta cije, ƙwaya ta mutu. Daga baya an gwada a jikin ɓeraye.

To, a nan aka tsaya: ɗakin gwaji da ɓeraye. Babu asibitin da ke ba majiyyaci wannan a matsayin magani. Akwai ma fargaba, domin dogayen cikinsu na iya maƙalewa a jiki kamar zaren asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke illa ga huhu, kuma a 2014 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani nau'insu cikin abubuwan da ka iya jawo dajin kansa. Gawayin murhu kuma ba shi da alaƙa da wannan, don Allah kada kowa ya jiƙa ya sha.

Abin da na fi so mutanenmu su sani shi ne, maganin da ke kama waɗannan igiyoyi yana hannunmu tuntuni. Paclitaxel, wanda aka fara samowa daga ɓawon wata bishiya a Amurka, yana ƙagar da su. Vincristine, da ake ba yara masu dajin jini da na kumburin muƙamuƙi, yana hana su ginuwa. Shi ya sa gashi ke zuba, domin ƙwayoyin tushensa ma suna yawan rabuwa, yatsu kuma su yi ta zuga ko su mutu kamar an kwanta a kansu, saboda jijiyoyi ma da maikurotubul suke aiki. In kika ji haka ki faɗa wa likita, akan iya rage yawan maganin. Kada ki ɗauke ƙafa.

Na ce mata, "Hajiya, ruwan nan da ke ɗiga a hannunki, aikin da ake fatan bututun kabon ya yi wata rana shi yake yi yanzu." Ta kalli ledar ruwan, ta ajiye wayar, ta tambaye ni ranar dawowarta.