Hanyoyin yawon ƙafa na iyali a tuddan Cotswolds

Cotswolds yanki ne na tuddai masu sauƙin hawa da kwaruruka masu faɗi a kudu maso yammacin tsakiyar Ingila, kuma yana daga cikin wuraren da iyalai suka fi zuwa yawon ƙafa tare da ƙananan yara. Mafi yawansa yana cikin gundumomin Gloucestershire da Oxfordshire, sai gefunansa da suka leƙa Warwickshire da Worcestershire da Wiltshire da Somerset. A shekarar 1966 aka sanya shi cikin yankunan da doka ke kare kyawun ƙasarsu, kuma faɗinsa a yau ya kai murabba'in kilomita 2,038. Wuri mafi tsayi a cikinsa shi ne Cleeve Hill, kusa da garin Cheltenham, wanda tsayinsa daga doron teku mita 330 ne kacal, abin da ke nuna cewa babu wani dutse a yankin da zai gagari yaro mai ƙoshin lafiya.

Ƙirar ƙasa da tarihinta

Ƙasar yankin tana kan dutsen farar ƙasa mai launin zuma, wanda da shi aka gina gidajen ƙauyuka da coci-coci da katangun gonaki. Daga ɓangaren yamma tudun ya yanke da gangare mai tsauri yana fuskantar kwarin kogin Severn, amma daga gabas sai ya riƙa sauka a hankali zuwa kwarin kogin Thames, wanda ma tushensa yana cikin yankin, kusa da ƙauyen Kemble. Wannan bambanci shi ke raba hanyoyin gida biyu: na bakin gangaren yamma sun fi hange mai nisa amma suna da hawa, na cikin kwaruruka kuwa suna bin gaɓar ƙananan koguna ne a shimfiɗe.

Arzikin yankin a da daga ulun tumaki ya fito. A tsakiyar zamanan Turai fataken ulu sun tara dukiya mai yawa, suka gina manyan coci-coci a garuruwa irin su Chipping Campden da Northleach, ƙauyuka kuma suka tashi kusa da juna, ƙananan hanyoyin ƙafa na haɗa su. Waɗannan hanyoyi da makiyaya da masaƙa da masu zuwa kasuwa suka tattaka su ne masu yawon yau suke bi. A gefensu akwai katangun dutse da aka jera ba tare da siminti ko laka ba, dutse bisa dutse, waɗanda ake ƙiyasta tsawonsu gaba ɗaya da kimanin mil 4,000.

Dokar haƙƙin wucewa

Abin da baƙo ya fi mamaki shi ne mafi yawan hanyoyin suna ratsawa ne ta cikin gonaki da makiyayun da ke da masu su. Dokar Ingila ta bai wa kowa haƙƙin wucewa ta kan hanyar da aka yi wa rajista, ko da ta bi ta tsakiyar gonar alkama, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ta. Idan ya yi huɗa a kanta, wajibi ne ya mayar da ita yadda za a iya bin ta cikin kwana 14. Dokar 1949 ce ta umarci ƙananan hukumomi su zana waɗannan hanyoyi a taswirar hukuma, ita ce kuma ta buɗe ƙofar kafa dogayen hanyoyi na ƙasa. Daga baya dokar 2000 ta ƙara ba jama'a izinin yawo a wasu filayen da ba a nomawa.

Ana gane kowace hanya da launin kibiyar da aka manna a jikin turke ko ƙofa. Rawaya tana nufin hanyar masu ƙafa kaɗai, shuɗiya tana nufin masu doki da masu keke ma suna da haƙƙi, ja kuma tana nufin har mota na iya bi. Iyaye da yawa kan ɗora wa yaro aikin neman kibiya ta gaba, dabarar da ta fi lallashi tasiri idan ƙafa ta fara nauyi. Taswirar da aka fi dogara da ita ita ce ta hukumar zana taswira ta Birtaniya, Ordnance Survey, mai ma'aunin 1:25,000, wadda ke nuna har iyakokin gonaki.

Fitattun hanyoyi

Babbar hanyar yankin ita ce Cotswold Way, mai tsawon mil 102, wato kilomita 164, daga Chipping Campden a arewa zuwa birnin Bath a kudu, kuma a 2007 aka sanya ta cikin dogayen hanyoyin ƙafa na ƙasa. Baligi mai ƙarfi kan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya ƙare ta, don haka iyalai sukan gutsuri ɗan yanki ne su yi zagaye su dawo inda suka ajiye mota. Daga Chipping Campden ana hawa zuwa Dover's Hill, fili mai ciyawa da ke hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da filayen karkara, inda ake gudanar da wasannin gargajiya da Robert Dover ya faro a wajen 1612. Daga ƙauyen Broadway kuma akwai zagaye na kusan kilomita 6 zuwa hasumiyar Broadway, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 a kan tudu mai tsayin mita 312. Hawan yana sa haki, kuma ya fi dacewa da yaran da suka kai shekarun makaranta, amma akwai garken bareyi a kusa da hasumiyar da ke mantar da su gajiya.

Ga masu ƙananan yara, babu hanyar da ta kai ta tsakanin Lower Slaughter da Upper Slaughter sauƙi. Tazarar ba ta wuce mil guda ba, tana bin ɗan kogin Eye ta cikin makiyayar tumaki, tana kuma wucewa ta gaban tsohon injin niƙa mai juyawa da ruwa, mai dogon bututun hayaƙi na jan bulo. Sunan ƙauyukan yana kama da kalmar Ingilishi ta yanka, amma asalinsa tsohuwar kalma ce mai nufin wuri mai taɓo. Ana iya faro tafiyar daga Bourton-on-the-Water, inda kogin Windrush ke ratsa tsakiyar gari ƙarƙashin ƙananan gadojin dutse, ruwansa kuma bai kai gwiwa ba, shi ya sa a ranakun zafi za a ga yara sun tuɓe takalma suna wasa a ciki. Sai dai garin yakan cika maƙil a watannin Yuli da Agusta, kuma hanyar tana tsallake babban titin mota da ke buƙatar a riƙe hannun yaro.

Wanda yake tura keken jariri zai fi samun natsuwa a gandun itatuwa na Westonbirt, kusa da Tetbury, wanda Robert Holford ya fara dasawa a 1829. Yana ɗauke da itatuwa kimanin 15,000, hanyoyinsa da yawa an daddaɓe su, akwai kuma gadar tafiya mai tsawon mita 300 da ke bi ta tsakanin kawunan itatuwa. Ana biyan kuɗin shiga, saɓanin hanyoyin gonaki da suke kyauta.

Cikas da matakan kariya

Abin da ya fi hana iyali sakewa shi ne matakalar katako ko ta dutse da ake takawa a tsallake shinge, domin keken jariri ba ya wuce ta, tsoho ma yana shan wuya. Saboda haka hukumar yankin da masu aikin sa-kai, waɗanda ƙungiyarsu ta kafu tun 1968, suna ta maye gurbin matakalun da ƙofofi, sun kuma ware wasu zagaye da babu matakala ko ɗaya a cikinsu. Taɓo ma matsala ce daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da rana ke faɗuwa da wuri, har kusan ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, alhali a Yuni haske kan kai bayan ƙarfe tara na dare.

Ƙa'idar zaman karkara ta ƙasar ta buƙaci a bar ƙofar gona yadda aka same ta, a kwashe shara, a kuma ɗaure kare a kusa da dabbobi, musamman a Maris da Afrilu da tumaki ke haihuwa. Saniya mai ɗan maraƙi ita ce haɗarin gaske: ana shawartar iyali su zagaye garken daga nesa ba tare da gudu ba, idan kuma shanu suka taso wa mai kare, ya saki igiyar ya bar karen ya tsere da kansa. A cikin doguwar ciyawa akwai kaska mai iya yaɗa cutar Lyme, don haka akan duba ƙafafu da bayan kunnuwan yara da zarar an koma gida. Wanda ba shi da mota zai iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Moreton-in-Marsh cikin kusan awa ɗaya da rabi, daga can ya nemi bas zuwa ƙauyuka, ko da yake bas kan yi ƙaranci a ranar Lahadi.