Hutu a kudancin Turai: ina ne kuɗinka zai fi yin albarka?

A cikin Sifaniya, Fotugal, Italiya da Girka, wace ce ta fi araha?

An saba cewa Fotugal ce, sai Girka da kudancin Sifaniya, Italiya kuma ta fi cin aljihu. Akwai ƙamshin gaskiya a haka, amma garin da ka sauka da watan da ka je sun fi sunan ƙasar tasiri. Lisbon, babban birnin Fotugal, ta yi tsada a 'yan shekarun nan saboda yawan baƙi, har kuɗin haya ya gagari 'yan gari da dama. A Girka, kuɗin kwana ɗaya a tsibirin Santorini ko Mikonos zai iya biya maka kwanaki a Kirit ko Nakasos. Italiya ma ba ɗaya take ba: Benis da gaɓar Amalfi na masu hannu da shuni ne, Nafoli da Sisili kuwa mai ƙaramin ƙarfi zai iya ci ya ƙoshi.

Wane lokaci ya dace a je?

Ka guji Yuli da Agusta. Lokacin ne Turawa da kansu suke hutu, otal ya yi tashin gwauron zabo, bakin teku ya cika ba masaka tsinke. Ga zafi. Sebiliya da Kurɗuba a kudancin Sifaniya suna haura digiri 40, irin zafin Sakkwato a watan Afrilu, kuma a Sisili ne aka auna digiri 48.8 a Agustan 2021, mafi girma a tarihin Turai. Afrilu zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, farashi ya sauko, rana kuma ba ta hana yawo.

Ban da jirgi da masauki, me ke cin kuɗi?

Biza ce ta farko. Ƙasashen nan huɗu duk suna yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ba a mayarwa in an hana ka, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema. Sai kuɗin shiga wuraren tarihi: hawa Akurofolis, tudun tsofaffin gine-gine a Atina, babban birnin Girka, ya koma yuro 30 a 2025. Benis ta fara karɓar yuro 5 a 2024 daga masu zuwa su juya a yini ɗaya, a ranakun cunkoso. A gidajen abincin Italiya akwai kuɗin zama kan tebur da ake ƙarawa kowane mutum, ka duba takarda kafin ka zauna.

Musulmi zai samu abinci da masallaci?

Zai samu, amma da lura. Naman alade ya shiga girkin Sifaniya sosai, za ka ga cinyoyinsa a rataye a shaguna, kitsensa ma yana shiga wasu kayan zaƙi, don haka tambaya dole ce. Fotugal da Girka sun fi sauƙi saboda kifi: gasasshen sadin da busasshen kifi a Lisbon, salak da zaitun da cuku a Atina. Babban masallacin Rum an buɗe shi a 1995. Atina kuwa sai a 2020 ta samu masallaci na hukuma.

To kai ina za ka zaɓa?

Andalus, wato kudancin Sifaniya, ba tare da dogon tunani ba. Nan ne kuɗi kaɗan ke sayen abu mai yawa, kuma tarihin wurin ba baƙo ba ne a wajenmu. Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu da Maulidi, haifaffen Kurɗuba ne. Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya biyo Mansa Musa bayan hajjin 1324 ya zauna a Tambutu, ɗan Garnaɗa ne.

Masallacin Kurɗuba, wanda sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa wajen 785, yana nan da ɗaruruwan ginshiƙansa da bakuna masu ratsin ja da fari. Coci ne yanzu, ba a barin salla a ciki, kuma wannan yana taɓa zuciya. A Garnaɗa, wadda ta faɗa hannun Kiristoci a 1492, fadar Alhamra tana bisa tudu, bangonta cike da rubutun Larabci da ɗan makarantar allo zai iya karantawa, ruwa na gudana ta 'yan magudanai har tsakar gida. Tikitinta yakan ƙare makonni kafin rana, ka saya ta intanet tun kana gida, ka riƙe fasfo, don ana dubawa a ƙofa. A tudun da ke fuskantarta, unguwar Albaisin, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga lambunsa ana hango fadar gaba ɗaya.

Wanda teku kawai yake so fa?

Ya nufi Kirit ko wani tsibirin Girka mara suna. Gaɓar Algarbe ta Fotugal kyakkyawa ce, amma ruwan Atalantika ne, yana da sanyi ko da bazara. Kuroshiya da ake yi wa kallon mai araha ta koma kashe yuro a Janairun 2023, kuma Dubrobnik yanzu tana cikin garuruwa masu tsada a yankin.