Me ake nufi da "gashi" ga mai shanyewar ɓarin jiki?

Duk shirin lafiya da za a yi a rediyo kan shanyewar ɓarin jiki, musamman idan 29 ga Oktoba ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe wa wannan cuta, kalmar da ta fi yawo ita ce gashi. A kai shi gashi, an fara masa gashin ƙashi. Masu mulki ma sukan yi shelar sun sayo na'urorin gashi. Wasu su ce fisiyo, wato jinya ta hanyar motsa jiki, amma hoton da ke ransu ɗaya ne: majinyaci a kwance, an haska masa jar fitila, wani yana murza masa ƙafa. Wannan fahimtar tana ɓata mini rai, domin tana cinye wa mutane watannin da ba sa dawowa.

Ƙashin mai shanyewar jiki lafiya lau yake. Ɓarnar a ƙwaƙwalwa ta auku: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, wani yanki ya mutu, saƙon da ke zuwa ga hannu da ƙafa ya yanke. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma na kewaye da su suna iya karɓar aikin, kuma ba sa karɓa sai majinyacin da kansa ya yi ta ƙoƙarin motsin, sau ɗaruruwa. To wannan shi ne aikin fisiyo a nan, sake koya wa ƙwaƙwalwa. Zafi da tausa suna rage ciwo na ɗan lokaci, iyakarsu ke nan. Fitilar ma tana da haɗari, don ɓarin da ba ya jin zafi sosai zai ƙone mai shi bai sani ba.

A gwaje-gwajen dabbobi, ana maimaita motsi sau 400 zuwa 600 a rana kafin a ga sauyi a ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙirga abin da majinyata ke samu a asibitocin Arewacin Amurka, ya tarar motsin hannu mai amfani sau 32 ne kacal a zama ɗaya. Idan wannan bai isa ba, ina ga wanda ake murza wa hannu yana kallo?

Mu ɗauki tashi daga kujera, don a nan ake gane bambancin. Wanda ɓarinsa ya shanye yakan tura ƙafar mai rauni gaba, ya jingina nauyinsa duka kan mai lafiya, ya ja jiki ya miƙe. Ya tashi, amma ƙafar da ake son farfaɗowa ba ta yi komai ba, kuma kullum ya yi haka yana ƙara koya wa ƙwaƙwalwa ta manta da ita. Yadda ake gyarawa: a samu kujera mai ƙarfi marar taya, tsayinta daidai gwiwa ko ta ɗan fi. Ya matso bakinta. Ƙafafu biyu a ƙasa, tazararsu daidai faɗin ƙugu, dunduniya ta ɗan koma bayan gwiwa. Ya sunkuyo daga ƙugu har hancinsa ya kai saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe yana danna ƙafafun biyu. Zama kuma a hankali, yana ƙirga uku, kada ya faɗa kan kujerar, domin saukowar tana gina tsokar cinya kamar yadda tashin yake yi. Sau 10, a huta, a sake, zagaye 3. Mai taimako ya tsaya ta ɓarin mai rauni, gwiwarsa a gaban gwiwar majinyaci don kada ta lanƙwashe, hannunsa a ƙugu. Idan akwai sikeli biyu, a sa ɗaya ƙarƙashin kowace ƙafa. Mutum yakan rantse ya raba nauyinsa daidai, sai lambobin su nuna masa akasin haka. Idan abin ya yi sauƙi, a rage tsayin kujerar, ko a ja ƙafar mai rauni baya kaɗan don ta ɗauki kaso mafi yawa.

Abin da ya fi lalacewa a hannun masu jinya shi ne kafaɗa. Tsokokin da ke riƙe ta sun saki, nauyin hannu yana jan ƙashin ƙasa, har za ka iya sa yatsa a gurbin. Kama hannun a ja mutum ya tashi, ko rataya igiya a sama a ce ya riƙa jan hannun da ita, yana yaga naman gaɓar, ya bar ciwon da zai hana atisaye na watanni. A ɗora hannun kan matashi ko tebur idan yana zaune, a riƙa tayar da shi ta ƙugu.

Game da lokaci, watanni 3 zuwa 6 na farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin sauyawa, ko da yake ana samun ci gaba bayan shekaru ga mai dagewa. Amma gaggawa ma tana da iyaka. Babban gwajin AVERT na 2015 ya nuna tayar da majinyaci da yawa cikin awa 24 na farko bayan shanyewar yana rage damar warkewa mai kyau. Gajeren atisaye, sau da yawa a rana, bayan likita ya tabbatar jiki ya daidaita, shi ya fi. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2023 ta ɗaga shawararta zuwa aƙalla awa 3 na atisayen farfaɗowa a rana, kwana 5 a mako, ga wanda zai iya.

Tsoron faɗuwa kuwa ba a cire shi da lallashi. Mai tsoro yakan ƙi tsayuwa, ƙafa ta ƙara rauni, tsoron ya ƙaru. Ana karya wannan da ƙananan nasarori da za a iya aunawa: tsayuwa a gaban tebur daƙiƙa 30 ba riƙo, sai miƙa hannu a ɗauki kofi ta ɓarin mai rauni, sai taka matakala ɗaya. A auna mita 10, a riƙa duba agogo duk mako a ga lokacin da yake ɗauka ya taka su. Wanda bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba yawanci cikin gida yake iya zirga-zirga. Wanda ya haura 0.8 yana iya fita harkokinsa. Idan yatsun ƙafa suna jan ƙasa, a nemi robar da ake sawa cikin takalmi ta riƙe idon sawu, don wannan tuntuɓen ne ke kayar da mutane da yawa. A auna hawan jini kafin a fara, kuma a dakata nan take idan aka ji ciwon ƙirji, jiri ko matsanancin ciwon kai. Sabon rauni, karkacewar baki ko sarƙewar harshe kuwa, asibiti za a nufa a lokacin.