Tsinkewar jijiyar gwiwa bayan shekara 40: dole sai an yi aiki?

Wace jijiya ce ke tsinkewa?

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri: biyu a gefuna, biyu a can tsakiya sun gitta juna. Ta gefen ciki takan warke da kanta cikin makonni in an tallafi gwiwar da abin ɗauri. Mai rikicin ita ce ta gaba cikin na tsakiya, wadda likitoci ke kira ACL. Tana tsinkewa idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, a filin ƙwallo ko wajen faɗuwa daga babur. Sau da yawa mutum zai ji ƙas, kafin wani lokaci gwiwa ta kumbura.

Mai ɗori ba zai iya ba?

Ba ƙashi ne ya karye ba balle a ɗora. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jijiya. Likita kan jawo ƙwauri gaba ya ji ko ya yi sako-sako, hoton MRI, wanda shi ke iya nuna jijiya, ya tabbatar. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

To a yi aikin ko a bari?

Shekaru kaɗai ba su yanke wannan hukunci. Abin dubawa shi ne: gwiwar tana sakin mutum ko tana riƙe shi? A wani bincike na Suwidin da aka buga a 2010, an raba matasa 121 gida biyu, wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu suka fara da atisaye. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambancin kirki ba, kuma har shekara biyar kusan rabin masu atisayen ba su shiga ɗakin tiyata ba. Amma binciken Birtaniya na 2022, kan mutum 316 da suka daɗe da raunin kuma gwiwarsu na ci gaba da saki, ya nuna tiyata ta fi.

A ganina, magidanci ko uwargida da harkarsu ba ta wuce tafiya, tuƙi da zaman shago ba, su fara da watanni na atisaye wajen masu gashin ƙashi, a ƙarfafa tsokar cinya gaba da baya. Tiyata ba ta gudu. Wanda kuwa yake dako, ko hawa gini, ko bai haƙura da ƙwallo ba, kuma gwiwar na gocewa, ya tattauna maganar aiki da likita, don kowace gocewa na iya yaga guringuntsin da ke ciki. Gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko aka tsinke jijiya fiye da ɗaya, wannan ba ta jira.

Ɗinke jijiyar ake yi?

Galibi sabuwa ake dasawa. Ana yanko jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwar mutum, a zura ta cikin ramukan da aka huda a ƙashi. Atisayen dai yana nan bayan aikin, kuma komawa wasa kan ɗauki wata 9 zuwa 12. Durƙuso da zaman tahiyya kan yi wuya da farko, musamman in daga gaban gwiwa aka yanko jijiyar, sai a lallaɓa da kujera.

Aikin zai hana amosanin gaɓɓai nan gaba?

Bincike bai nuna haka ba. Gwiwar da ta taɓa wannan rauni ta fi saurin kamuwa da shi, an yi aiki ko ba a yi ba. Rage ƙiba da ƙara ƙarfin tsokar cinya su ne ke rage mata nauyi.